Muhawara: Sana'ar bincike a jami'a kan kayan dashe da gina tsokar jiki, ta wace ƙofa ake shiga?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan wanda yake son ya riƙi bincike a matsayin sana'a a fannin kayan da ake dasawa a jiki da gina tsoka a leb, har ya kai ga samun kujerarsa da ɗalibansa a jami'a. Wanda ya karanta kemistiri ko injiniyanci ne ya fi dacewa, ko wanda ya fito daga bayoloji ko likitanci? Sannan me ya kamata a ce ya iya da hannunsa kafin ya gama digiri na uku? Don Allah a ba mu dalla-dalla, kada a sallame mu da "a dage da karatu".

Dakta Folima:
Wa alaikumus salam ƙanena. Babu ƙofar da aka rufe, domin fannin tun asali na haɗin gwiwa ne. Makalar da ta fito a mujallar Science a 1993, wadda ta yayata sunan fannin, wato "tissue engineering", mutum biyu suka rubuta ta: Robert Langer, injiniyan sinadarai a MIT, da Joseph Vacanti, likitan tiyatar yara. Kafin su ma, fatar wucin gadi da ake rufe wa masu ƙuna ta fito ne daga hannun Ioannis Yannas, masanin folima (kayan da ke da dogayen sarƙoƙin sinadari, irin roba), da John Burke, likitan tiyata.

Amma in ra'ayina kake so, wanda ya fito daga kemistiri ko injiniyancin kayayyaki ya fi samun sauƙi. Renon sel, wato ƙwayoyin halittar jiki, aikin hannu ne: inkubeta a digiri 37, iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100, canza ruwan reno bayan kwana biyu ko uku, raba sel idan sun kusa cika faranti. Cikin 'yan watanni hannu ya faɗa. Shi kuwa sanin dalilin da ya sa folimar PLGA mai rabon 50:50 ke narkewa a jiki cikin wata ɗaya zuwa biyu alhali folimar PCL na iya wuce shekara biyu, wannan sai da tushe.

Malama Mai Reno:
Dakta, Allah ya ƙara lafiya, amma nan kam ban yarda ba. Canza ruwan reno ba shi ne bayoloji ba. Abin da ke kayar da injiniyoyi shi ne fassara abin da sel suka nuna.

Ɗauki gwajin MTT, wanda kusan kowace makala ke kawowa. Ba yawan sel yake aunawa ba, kuzarin da suke sarrafa sinadari da shi yake aunawa. A kan sikafol mai ramuka, wato firam ɗin da ake zuba wa sel su girma a kai, launin shuɗin da ke fitowa yakan maƙale a cikin ramukan ya ƙi narkewa duka, wasu kayan kuma su da kansu suke juya launin ko babu sel ko ɗaya. Idan ba ka ajiye sikafol maras sel a gefe don kwatance ba, kuma ba ka auna yawan DNA ba, ba ka san komai ba tukuna. Ga kuma wanda ya fi wannan: ana zuba sel a kan sikafol, kaso mai yawa su zurare ta ramuka su kwanta a gindin farantin roba, inda suka fi jin daɗi. Bayan mako guda a auna rijiyar, wato ramin farantin da sikafol ke ciki, gaba ɗaya a ce sel sun hayayyafa a kan sabon kaya. Maganinsa a ɗauke sikafol ɗin bayan awa 24 a mayar da shi sabuwar rijiya kafin kowane awo, ko a yi amfani da farantin da sel ba sa kamawa.

Sai maganar ƙashi. Rinin Alizarin Red kalsiyam yake kamawa, bai damu da wanda ya ajiye shi ba. Sikafol da aka sa wa haidiroksiyafatait ko gilashin Hench, waɗanda dama akwai kalsiyam a cikinsu, zai yi jawur ko da babu sel. Shi kansa ruwan da ake juya sel zuwa na ƙashi da shi, mai deksametason da sinadarin bitamin C da beta-gilisarofosfet milimola 10, yana iya zubar da kalsiyam fosfet haka kawai. Dole a haɗa da awon ALP, sinadarin da sel masu gina ƙashi ke fitarwa, da ƙwayoyin gado irin RUNX2 da ostiyokalsin.

Kuma rijiya uku daga sel na mutum ɗaya ba maimaici uku ba ne. Mutum ɗaya ne aka auna sau uku.

Dakta Folima:
Duk gaskiya ne Malama, ban musa ko ɗaya ba. Amma juya shi ki gani. Mai bayoloji yakan sayo folima ya rubuta "PCL" kawai a makala, babu nauyin ƙwayarta, babu lambar rukunin da aka haɗa ta. Ya gwada ƙarfin sikafol a bushe a zafin ɗaki, alhali a jiƙe zai zauna a digiri 37. PLGA kuwa zafin da take fara laushi bai fi digiri 45 zuwa 50 ba, kuma ruwa yana saukar da shi. Ya auna lalacewa da sikeli kawai, bai san sarƙar folimar ta riga ta tsittsinke tun kafin nauyi ya ragu ba. Sai da GPC, na'urar auna tsawon sarƙar folima, ake ganin haka. Bai san cewa yanki mai kauri na PLGA yakan riga siriri ruɓewa ba, saboda asid ɗin da ke fitowa yana taruwa a tsakiya ya ƙara hanzarta aikin, kuma wannan asid ɗin ne ke kawo kumburi a jikin dabba.

Farfesa Gilashi:
Ku biyun nan kun ba yaron amsa ba ku sani ba. Kowa da makantar ɓangarensa. Abin da zan ce wa mai tambaya: ka yi zurfi a ɓangare ɗaya har a san ka da shi, ka iya ɗayan daidai yadda ba za a ruɗe ka ba. Digiri na uku a ɓangarenka, fosdok, wato aikin bincike na bayan digiri na uku, a leb ɗin ɗaya ɓangaren. Wanda ya ɗanɗani komai bai ƙware a komai ba, shi ne kwamitin ɗaukar ma'aikata ke rasa inda zai ajiye.

Mai Neman Sani:
Na gode Farfesa, Allah ya saka da alheri. To aikin hannun fa? Wace dabara ce ta cancanci mutum ya ba ta shekarunsa?

Injiniya Kaɗi:
Bari in ɗauki kaɗin lantarki, wato yin sikafol da siraran zaren folima ta hanyar wutar lantarki, tunda shi ɗalibai suka fi farawa da shi saboda na'urar ba ta da wuyar haɗawa. Ana narkar da PCL wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 a kulorofom da aka haɗa da sinadarin narkarwa na DMF, a zuba a sirinji, famfo ya riƙa turawa mililita ɗaya ko kusa da haka a awa, a ba allurar wuta kilobolt 10 zuwa 20, farantin tarawa yana nesa da santimita 10 zuwa 20. Zare ya riƙa fita yana kwanciya. Idan ruwan ya yi tsinkau, ƙulli-ƙulli za ka gani a jikin zaren maimakon sumul. Idan ya yi kauri, bakin allura ya toshe. Danshin ɗaki kuma yana sauya komai, shi ya sa abin da ya fito lafiya yau yakan ƙi fitowa bayan wata uku da lambobi iri ɗaya. Ka rubuta danshi da zafin ɗaki a littafinka kowace rana, babu fashi.

Matsaloli uku ke biyo baya. Ragowar sinadarin narkarwa yana kashe sel, don haka a busar a injin zuƙe iska kwana ɗaya ko biyu. PCL ba ta son ruwa, ɗigon ruwan reno yakan tsaya a kanta cirko-cirko, sai an jiƙa ta da NaOH ko an yi mata filasma. Na uku shi ne babba: ramukan tabarmar zaren 'yan maikuromita kaɗan ne, shi kuwa sel yana kai 10 zuwa 20, don haka a sama suke kwanciya ba sa shiga ciki. Hoton SEM, madubin lantarki mai nuna ƙananan abubuwa, zai yi kyau, amma ka yanka ta gefe ka duba, za ka tarar ciki wayam. Ga ƙashi, ana neman rami aƙalla maikuromita 100, an fi son 300 zuwa sama saboda jijiyoyin jini su samu hanya.

Firintar buga tsoka ita ma da nata. GelMA, wato jelatin da aka ɗaura wa metakirilet, kashi 5 zuwa 10, da LAP mai sa ta daskare idan haske ya taɓa ta, da hasken nanomita 405, shi ne abin da aka fi bi. Wanda ya haɗa GelMA da kansa sai ya tace ta a jakar dayalisis kusan mako guda a wajen digiri 40, in ba haka ba ragowar asid ta kashe masa sel, sannan ya auna yawan metakirilet da ya kama da NMR, na'urar gano tsarin sinadari, a kowane haɗi. Kullum ana cikin ciniki ne: jel mai tauri yana riƙe siffa amma sel ba sa iya miƙewa a ciki, mai laushi sel suna sonsa amma yana zubewa. Ƙaramar allura tana ba da zane mai kyau tana kuma murƙushe sel.

Malama Mai Reno:
A ƙara da kashe ƙwayoyin cuta, domin nan ake asarar watanni. Otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 ne, PCL kuwa a wajen 60 take narkewa, kolajin kuma ya lalace. Hasken gama na kilogire 25 yana tsinka sarƙar PLGA ya sauya saurin lalacewarta. Iskar etilin oksaid tana barin ragowa mai guba sai an shanya kayan sosai. Etanol kashi 70, da kowa ke amfani da shi a leb, ba ya kashe ƙwayoyin da suka ƙulle kansu, kuma babu hukumar da za ta karɓe shi. A zaɓi hanyar tun farkon aiki, a yi dukkan awo a kan kayan da aka riga aka bi da su ta wannan hanyar.

Likitan Ƙashi:
Ina karantawa tun ɗazu, kuma har yanzu ba wanda ya ambaci majiyyaci. Ƙanena, kada ka gina sana'arka a kan na'ura. Yau kaɗin lantarki, gobe firinta, jibi wani abu. Ka gina ta a kan tambayar da ba a warware ba.

Babbar tambayar fannin har gobe ita ce iskar oksijin. Sel ba ya rayuwa da kyau idan ya yi nisan da ya wuce maikuromita 100 zuwa 200 daga jijiyar jini. Shi ya sa abubuwan da suka fara isa asibiti ko dai sirara ne kamar fata, ko marasa jijiyar jini kamar guringuntsi. Yanki mai kaurin santimita ɗaya cike da sel, tsakiyarsa mutuwa take yi kafin jijiyoyin jiki su iso. Ta biyu ita ce garkuwar jiki: duk abin da aka dasa, furotin ke fara rufe shi, makurofaj, wato sel na garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu, su taru, a ƙarshe jiki ya naɗe shi da tabo. Ta uku, bambancin tauri. Ƙashi mai ƙarfi yana wajen gigafaskal 15 zuwa 20, gamin taitaniyam wajen 110, sai ƙarfen ya ɗauke nauyin, ƙashin da ke gefe ya rasa aikin yi ya fara zaizayewa.

Gwajin dabba kuma a yi shi da gaskiya. Ramin milimita 8 a ƙoƙon kan ɓera shi ne wanda aka saba, saboda ba ya cikewa da kansa. Amma ƙoƙon kai ba ya ɗaukar nauyi, don haka bai gaya maka abin da zai faru a ƙashin cinya ba. Wannan sai tunkiya ko akuya. A bar rukuni da rami babu komai, a kuma kwatanta da ƙashin da aka ɗebo daga jikin dabbar kanta, domin shi likita ke amfani da shi yau, shi ne kuma za ka doke. A raba dabbobi da ƙuri'a, mai duba yankan nama kada ya san rukuni. Ƙa'idojin ARRIVE na rahoton gwajin dabba, waɗanda aka sabunta a 2020, sun jera duk wannan, a karanta su kafin a nemi izinin kwamitin ɗa'a, ba ranar rubuta makala ba.

Injiniya Kaɗi:
Likita, da girmamawa, ɗalibin digiri na uku ba shi da shekara goma. In ya ce sai ya warware matsalar jijiyoyin jini zai fito hannu rabbana. Dabarar da ya ƙware a kai ita ce ke sa wani leb ya ɗauke shi fosdok.

Likitan Ƙashi:
Ban ce ya warware ba Injiniya, cewa na yi ya ɗauki yanki. Dubi aikin Engler da Discher na 2006. Ba sabon kaya suka ƙirƙira ba, jel ne da aka sani, suka sauya taurinsa kawai. Sel na asali daga ɓargo suka karkata zuwa siffar na ƙwaƙwalwa a kan mai laushi, kilofaskal ɗaya zuwa ƙasa, zuwa na tsoka a 8 zuwa 17, zuwa na ƙashi a 25 zuwa 40. Tambaya ɗaya, abu ɗaya aka sauya. Kwatanta shi da makalar "mun zuba hodar kaza a folimar kaza, sel ba su mutu ba". Irin wannan ana iya fitar da goma, kuma ba wanda zai tuna ko ɗaya.

Akwai kuma abin da gaggawa ke jawowa. Paolo Macchiarini ya dasa wa mutane bututun maƙogwaro na roba da aka shafa wa sel a asibitin Karolinska daga 2011, ba tare da sahihin gwajin dabba ya gabata ba. Majiyyatan uku da aka yi wa a can duk sun rasu, an janye makaloli, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara a Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Ƙananan masu bincike da sunansu ke kan waɗannan makaloli su ma abin ya shafe su. Kada ka yarda a sa sunanka a kan bayanan da ba ka ga asalinsu ba. Ko aikin da aka yi da tsari ma yakan ci tura: mafitsarar da Anthony Atala ya ba da rahotonta a Lancet a 2006 a kan mutum bakwai ta ja hankalin duniya, amma gwajin mataki na biyu da ya biyo baya bai ba da sakamakon da aka yi fata ba.

Farfesa Gilashi:
Bari in koma kan tsanin kansa, tunda shi aka tambaya.

Digiri na uku shekara uku zuwa huɗu ne a Ingila da yawancin Turai, biyar zuwa shida a Amurka. Wajen zaɓen leb, kada sunan jami'a ya rufe maka ido. Duba makalolin leb ɗin na shekara biyar da suka wuce: su wa ke suna na farko, ɗalibai ne ko kullum mutum ɗaya? Ina tsofaffin ɗaliban suka ƙare? Kuɗin aikinka na shekara nawa ne a hannu? Akwai izinin gwajin dabba a ƙasa, ko sai ka zo za a fara nema? Wannan na ƙarshen kaɗai yana iya cin watanni. Ka yi magana da wanda ya bar leb ɗin, ba wanda ke ciki kawai ba.

Bayan nan fosdok, galibi kwantiragi na shekara ɗaya zuwa uku, wasu su yi biyu a jere. Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada: mutum ya zama hannun daman maigidansa, ya fitar da makaloli masu kyau, ranar da zai tafi ya tarar babu abin da zai ɗauka domin duk tambayoyin na maigida ne. Tun shekarar farko ku zauna ku yi magana a fili, wane layin bincike ne naka idan ka tashi. Kwamiti abu ɗaya yake son ji: me za ka yi a shekara biyar wanda tsohon leb ɗinka ba zai yi ba.

Tallafi kuma agogo gare shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Tallafin fosdok na Marie Curie na Tarayyar Turai wata 12 zuwa 24 ne, ɗan kowace ƙasa na iya nema, amma kada shekarun bincikenka bayan digiri su wuce takwas, kuma kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin 36 da suka gabata. K99/R00 na hukumar NIH a Amurka ba ya buƙatar zama ɗan ƙasa, amma ƙofarsa tana rufewa idan fosdok ɗinka ya wuce shekara huɗu. Yana ba da har shekara biyu ƙarƙashin maigida, sannan uku a kujerarka. Tallafin farawa na ERC, hukumar bincike ta Tarayyar Turai, yana kai Yuro miliyan 1.5 na shekara biyar. Sharuɗɗan nan sukan sauya, a karanta sanarwar shekarar da za a nema.

Abu ɗaya da matasa ba sa lissafawa: jami'o'i kaɗan ne ke da sashe mai sunan fannin nan. Sashen injiniyancin lafiya ne zai ɗauke ka, ko na kayayyaki, ko na sinadarai, ko makarantar haƙori, ko ta haɗa magunguna, kuma kowanne zai tambaye ka wane darasi za ka koyar wa 'yan aji biyu. Ka tanadi amsa. In an ba ka kujerar, ciniki bai tsaya a albashi ba: akwatin aikin sel mai tace iska, inkubeta biyu saboda in ɗaya ta gurɓace aiki kada ya tsaya, firiza ta digiri 80 ƙasa da sifili, tankin naitirojin, da rubutaccen izinin amfani da SEM da konfokal da maikuro-CT na jami'a. A Amurka wajen shekara ta shida ake duba ko za a tabbatar da kai, kuma shekarar farko kusan duka a kafa leb take tafiya.

Mai Neman Sani:
Ranka ya daɗe, makala nawa ake buƙata? Kuma dole sai a mujallar Biomaterials ko Acta Biomaterialia?

Farfesa Gilashi:
Babu lamba. Biyu ko uku da kake suna na farko, masu bin layi ɗaya, sun fi goma da kake na biyar. Mujallun da ka ambata ana girmama su, haka Biofabrication ga masu firinta. Ka riƙa zuwa tarukan TERMIS, ƙungiyar masu gina tsoka ta duniya, ko na ƙungiyoyin kayan dashe, domin masu tantance takardar neman tallafinka a can suke zaune.

Dakta Folima:
Farfesa ya faɗi yadda ya kamata. Yadda take kuwa, sanarwar DORA ta 2012 ta ce a daina auna mutum da makin mujalla, jami'o'i da yawa sun sa hannu, amma mai tace takardu ɗari a dare ɗaya sunan mujalla idonsa ke fara kamawa. A san da wannan.

Hajiya Ta Masana'anta:
Ni kuma zan ɗan ɓata muku lissafi. Kujerun jami'a ba su kai yawan masu digiri na uku ba, ko kusa. Wanda ya shiga ya shirya wa hanya biyu, kuma shirin ɗaya ne, domin abin da kamfani ke nema yana gyara binciken jami'a ma.

Ku dubi tsawon hanyar. Yannas da Burke sun ba da rahoton majiyyatansu a 1981, hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da Integra, fatar wucin gadin tasu, ba sai 1996. Laura Niklason ta wallafa aikin jijiyar jini da aka rena a leb a 1999, amincewar FDA ta zo a Disambar 2024. Dashen sel na guringuntsi an ba da rahotonsa a 1994, MACI, wani sabon nau'insa, ya samu izini a Amurka a 2016. Amincewa ma ba ita ce ƙarshe ba: Apligraf, fatar da aka rena a leb, ya samu izini a 1998, Dermagraft mai kama da shi a 2001, amma kamfanonin da suka yi su duka biyu sun shiga kotun fatara a 2002. Kimiyyar ta yi aiki, kuɗin haɗa abu mai rai da ajiye shi da kai shi asibiti ne ya fi ƙarfinsu.

Saboda haka ɗalibi ya koyi ISO 10993, ƙa'idar gwada amincin kayan da za su taɓa jiki, tun yana leb. Kashi na 5 ya ce idan sel masu rai suka gaza kashi 70 cikin 100 na abin kwatance, kayan na da guba. Kashi na 12 ya faɗi yadda ake jiƙa samfur: murabba'in santimita 6 a kowace mililita ga abin da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, 3 ga mai kauri, giram 0.2 a mililita ga maras siffa. Wanda ya jefa ɗan guntu a ruwa mai yawa ya ce babu guba, kansa ya yaudara. Ya san cewa Matrigel, jel ɗin da ake renon sel a kai, daga ƙarin jikin ɓera ake samo shi, ba zai shiga jikin mutum ba, kuma kowane rukuni da halinsa. Siram ɗin ɗan maraƙi ma haka, a gwada rukuni a sayi mai yawa lokaci ɗaya.

Sai rajistar ƙirƙira. A Turai, da zarar ka bayyana abu a fili, ko da fosta ce a taro, ya tashi daga sabo, ba a yi masa rajista. Amurka tana ba da sassaucin wata 12. Ka je ofishin jami'a mai kula da wannan kafin ka tura taƙaitaccen bayani zuwa taro, ba bayan ka dawo ba.

Malama Mai Reno:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: mai cewa yana aiki da sel na asali daga ɓargo ko kitse ya nuna shaidar sharuɗɗan ƙungiyar ISCT ta masu magani da sel na 2006. Su kama roba, kashi 95 zuwa sama su nuna alamomin bayan sel na CD73 da CD90 da CD105, masu nuna CD45 da CD34 kada su wuce kashi 2, kuma su iya zama ƙashi da kitse da guringuntsi. A rubuta sau nawa aka raba su, domin suna tsufa. A riƙa gwajin maikofilasma, ƙaramar ƙwayar cuta mai gurɓata reno, a kai a kai. Ba ya sa ruwan reno ya yi duhu, ba a ganinsa a madubin leb na yau da kullum, amma yana sauya duk sakamako.

Mai Neman Sani:
Tambaya ta ƙarshe malamai. Wanda leb ɗinsa ba shi da manyan na'urori, ya haƙura ke nan?

Dakta Folima:
A'a, sai dai ya zaɓi tambayar da ta dace da abin da ke hannunsa. Aljinet kashi 1 zuwa 2 da aka ɗiga a ruwan kalsiyam kulorayid milimola 100 yana zama jel nan take. Amma a san halinsa: sel ba su da wurin kamawa a jikinsa sai an ɗaura masa RGD, guntun furotin da sel ke kamawa, ko an haɗa da jelatin, kuma a ruwan reno sodiyam yana korar kalsiyam, jel ɗin ya yi ta laushi. Kaitosan a asid ɗin asetik kashi 1 yake narkewa, sai an kashe asid ɗin an wanke sosai kafin a sa sel. Gulutaraldihaid yana ɗaure furotin da kyau amma ragowarsa guba ce, EDC da NHS ko jenifin sun fi aminci. Ramuka kuma ana samunsu da gishirin da aka tankaɗe zuwa girman da ake so, a cakuɗa da folima, a wanke shi ya fita.

Wanke sel daga nama a bar firam ɗinsa shi ma ba ya son kaya masu yawa: sinadarin wanki irin SDS kashi 0.1 zuwa 1 ko Triton X-100, da wanki mai tsawo. Ma'aunin da ƙungiyar Badylak ta kawo a 2011 shi ake bi, DNA ƙasa da nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen nama, guntayensa kada tsawonsu ya kai haruffan DNA 200, babu ƙwayar sel da ake gani a rini. SDS da bai fita ba, shi ke kashe sabbin sel, kuma shi ke wanke sinadaran da ake so su zauna. SEM da NMR kuwa busasshen samfur ake aikawa, a shirya da wani leb tun farko, a kuma yi maganar jerin sunaye a makala kafin a aika.

Hajiya Ta Masana'anta:
Mai bin wannan hanya ya kula da endotoksin, wato gubar da ke jikin wasu bakteriya, domin aljinet da jelatin da kaitosan sukan zo da shi, ruwan leb ma haka. Otokilef ba ya lalata shi, tacewa ta maikuromita 0.22 ba ta riƙe shi. Kayan gilashi sai busasshen zafi na digiri 250 na minti 30. Iyakar da aka sa wa kayan dashe EU 20 ce (EU ma'aunin endotoksin ne) ga kowane ɗaya, 2.15 ga wanda zai taɓa ruwan ƙwaƙwalwa da laka. Idan ka dasa kayanka ka ga kumburi, ko makurofaj suka harzuƙa a faranti, kada ka rubuta cewa folimar ce ta jawo sai ka yi gwajin LAL na gano endotoksin. Kuma ka sa haidirojel ɗin kansa a gwajin tare da sanannen adadin endotoksin, domin wasu folimomin suna danne gwajin ya nuna babu alhali akwai.